Gashin Dorcas, da Hannun da Ya Saƙa Shi

Ranar Talata, tara ga Fabrairu, 1897, Keziah Garbutt ta rasu a ɗakinta na haya a Whitby. Mutum shida muka raka ta. Na daɗe ina jin haushin garin nan, ran nan ya cika min shi.

Keziah, shekara arba'in kina saƙa gashin mamatanmu ya zama zobe da awarwaro da sarƙar agogo. Manyan shaguna kan karɓi gashin uwar mutum su mayar masa da na baƙuwa. Ke kuwa sai mai makoki ya zauna gabanki yana kallo. Da yayin abin ya wuce, waɗanda suka yi kuka a kafaɗarki suka koma kiran aikinki ƙazanta.

Lokacin da matata Dorcas ta rasu, ina shugaban makaranta, na zo miki da kitsonta a hankici, na kasa magana. Kika ce, "Malam Enoch, duk Latin ɗin ya ƙare ne? Zauna ka riƙe min bakin nan, kada ka jiƙa min shi da hawaye, na riga na wanke." Sarƙar agogon da kika yi min ta fi makarantar daɗewa a hannuna, ta fi agogon ma.

Bara ta fara tsinkewa, na kawo miki gyara. Kika warware ta sili-sili, kika jera a takarda. "Idona ya yi rauni, tsoho," kika ce, "amma kafin bazara za ka ɗauki matarka."

Washegarin jana'iza na je ɗakinki. Septimus, ɗan ƙanenki, yana share ɗakin.

"Takardar da ke kan tebur fa?"

"Wannan gashin? Haba Baba, ai na zuba a murhu. Wa zai ajiye kayan ƙyama?"

Warin bai gama fita daga ɗakin ba.

Ubangiji ya jiƙanki, Keziah, ya ba ki hutun da ba mu ba ki ba. Ina yi wa danginki ta'aziyya, in akwai mai jin rashin a cikinsu.

An rufe ki ba wanda ya yanki ko sili ɗaya daga kanki. Na Dorcas kuma babu sauran.