Kyamarar Shagon Mama

Ina zaune a shagon Mama a Sabon Gari, na buɗe baƙin allon kwamfuta da muke rubuta umarni a kai, na nemi sunan kyamarar tsaronta a rumbun manhajojin da aka gano lagonsu.

Sai ga ta a ciki. Wai kowa zai iya juya ta daga nesa.

Ban gama karantawa ba, kyamarar ta juyo a hankali ta tsaya a kaina.

Mama ko a jikinta. Ta ce, "Ai kullum haka take bina. Ba kai ne kake leƙo ni daga Samaru ba? Har hannu nake ɗaga maka."

Ni kuwa ban taɓa ba.

Na cire kyamarar daga wuta. Jama'a, wa Mama take ɗaga wa hannu?