Maliseni da Maganin da Aka Raba Biyu

A kasuwar kifi ta Nkhotakota an ce wai taubashina Maliseni ya haɗiye rediyo. Wai in ya yi gyatsa labaran rana ne ke fitowa, har wata mai sayar da tumatir ta rantse ta ji sakamakon ƙwallo daga cibiyarsa. Ƙarya ce! Wa zai ɓata rediyo a cikin wannan tumbin?

Ga yadda aka yi. Maliseni masunci ne, shekara talatin yana bin ƙananan kifin nan usipa a tafki, kuma har yau bai kama kifin da ya kai tsawon bakinsa ba. Tarin tibi ya kama shi, ya rame ya koma kamar sandar tuƙi. Asibiti suka ba shi wani sabon magani: a cikin kowace ƙwaya akwai 'yar na'ura da ba ta wuce tsabar yashi ba. Suka manna masa filasta a haƙarƙari. In ƙwayar ta sauka ciki sai ta gaya wa filasta, filasta ta gaya wa wayar Sista Kamwendo, nas ɗin da ke kula da shi.

Da shi kaɗai ne, ba zai sha ba. Amma 'yarsa Tiyamike ta haifa masa jika na farko, ta ce ko ƙofar ɗakin ba zai leƙa ba sai Sista ta ce ƙirjinsa ya wanke. Ya je ya saya wa jaririn hular ulu, ya cusa a aljihu, yana jira.

Bayan wata biyu Sista ta dira bakin tafki a kan babur, ranta a ɓace.

"Baba Maliseni, wayata ta nuna yau ka sha, gobe ka tsallake. Wasan 'yar gala-gala kake da ni?"

"Sista, ko ɗaya ban zubar ba. Duba kwalbar."

Ta duba, ƙwayoyin sun ragu daidai. To ina rabin ya shiga? Sai ga Zakeyu, abokin kwale-kwalensa, ya taho yana tari kamar tsohon injin niƙa.

Dokar masunta ce: duk abin da ya shiga kwale-kwale, gida biyu ake raba shi. Kifi, taba, curin tuwon nsima, komai. Gwanin naku ya ga ba zai haɗiyi abu Zakeyu na kallo ba. Rana ɗaya shi, rana ɗaya Zakeyu.

"Ai shi ma tari yake," in ji Maliseni, har da ɗaga kafaɗa. "So kike a ce ni marowaci ne?"

Sista ta dafe kai. Ta tasa ƙeyar Zakeyu zuwa gwaji, shi kuwa Maliseni aka mai da shi farkon shan magani, wata shida cif, a kuma yi addu'a cutar ba ta raina maganin ba.

Na same shi a gindin mangwaro yana jujjuya hular nan a hannu.

Na ce, "Sannu likita! Ka ajiye hular, kafin ka ɗauki yaron nan ya yi gemu. Ko shi ma za ka raba da Zakeyu ne, kai ka ɗauki kai, shi ƙafa?"

Ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ni ina da jikan da zan jira. Kai da ko kaza ba ta yarda ta yi ƙwai a gidanka ba, wa kake jira? Matsa can, kafin in yi maka tari."