Ɗakin Gilashin Fintan

A da Malachy Tierney gwanjon shanu yake yi a kasuwar Kilbrannock duk ranar Talata, amma in ka tambayi kowa a gundumarmu ko wane ne shi, ba wanda zai fara da zancen shanu. Cewa za a yi, "Ai mai sanarwar fili ne." Ya fi shekara ashirin yana riƙe da lasifika a tsohon filin gunduma na ƙwallon Gelik, wasan gargajiyar ƙasarmu mai 'yan wasa goma sha biyar a kowane ɓangare, ni kuma ina gefensa ina rataya lambobi a allon maki. Sunana Senan, gyaran famfo ne sana'ata, kuma kusan duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Tsohon filin ba shi da ɗakin sanarwa. A bayan wata matacciyar motar ɗaukar ciyawa muke tsayawa, an yafa mata tamfol. In ruwa ya tsuge takardar sunayen 'yan wasa takan narke a hannunsa, bai kuma taɓa damuwa ba, don duk goma sha biyar ɗin yana da su a ka, har da iyayensu. Ba ya kiran suna tsirara. Sai ka ji, "Lamba sha ɗaya, Donal Keane na Rathmoyle, ɗan Keane mai jan gashi, jikan wanda ya buga wasan ƙarshe da karyayyen yatsa!" Yaron ya fito da gudu kamar an sa masa wuta, uwarsa na can bakin wayar shinge tana share ido.

Yana da ƙanwa guda, Nuala. Abokinsa na makaranta ta aura, Fintan Mulvey, malamin lissafi, suka koma ƙetaren kogi, cikin gundumar da ba mu da abokan hamayya kamarta. Da aka ba Fintan sanarwar filinsu Malachy dariya ya yi. Ya ce muryar Fintan ko akuya ba za ta sayar ba. A lokacin shi ma Fintan cikin wata rumfar kwano yake tsayawa, don haka ba abin da za a yi wa ƙyashi.

Sai mutanen ƙetare suka tashi gina sabon fili. Shekara biyu ba ta cika ba suka gama. Kujeru masu rufi, fitilu dogaye, allon maki mai wuta, a can ƙololuwa kuma ɗaki na gilashi, inda Fintan yake zama da taguwa shara-shara ana tsakiyar sanyi. A shekarar ce kuma aka zo aka duba namu filin, aka ce katangarsa ta tsage, ba za a ƙara buga wasan gunduma a ciki ba. Aka kwantar mana da hankali da cewa namu sabon na tafe, wanda zai fi nasu. Har zanensa aka buga a jarida. Malachy ya yanke zanen ya manna jikin bangon kicin, ya zagaye wani ɗan murabba'i da jan biro.

"Ka ga nan, Senan? Nan zan zauna. Kai kuma a nemo maka abin dannawa, ka huta da hawa tsani."

Sau uku ana taro a fegin da aka ware mana ana soka shebur a ƙasa ana ɗaukar hoto. Na farko aka ce takardun izini ba su cika ba. Na biyu aka gano wurin fadama ce, sai an janye ruwa. Daga nan ɗan kwangila ya tattara ya bar ƙasar, ƙarfe ya yi tsada, annoba ta zo ta rufe komai. Ciyawa ta haɗiye allon da aka kafa. Wani manomi ya riƙa sakin tumakinsa a ciki, mutane suka ce gara su, sun riga kowa buga wasa a sabon fili. Shekara goma sha huɗu muna jiran gawon shanu.

Duk tsawon wannan lokaci wasanninmu na gida a filin ƙetare ake buga su. Mu cika motoci, mu haye gada, mu biya kuɗin ƙofa a hannun mutanen da suke mana murmushin mugunta, sannan mu zauna muna jin Fintan yana karanto sunayen yaranmu kamar mai kiran rajista. Malachy ba ya zama a kujera. Bayan raga yake tsayawa, hannu a aljihun kwat, ya ba ɗakin gilashin baya. Amma kunnensa na can.

"Ka ji ko? Ya ce Rathmoyle kamar mai tauna ɗanyen dankali. Shekara nawa yana cin abincin ƙanwata, sunan ƙauyen uwarta ya gagare shi."

"Bari mu kalli wasa, Malachy."

"Kalli abinka. Ka san an sa masa abin ɗumama ɗaki a ƙarƙashin tebur? Nuala ce ta faɗa. Wai ƙafarsa na sanyi. Ƙafa!"

Nuala kan gayyace mu cin abinci ranar Lahadi bayan wasa, don gidansu na kusa da filin. Ni ina zuwa ne saboda gasasshen ragonta, Malachy kuma saboda ba ya iya ce mata a'a. Fintan mutum ne mai sanyin hali, sai dai yana da tsokana irin ta malamai, wadda ake yi fuska a ɗaure.

"Suruki, na bi ta wajen filinku jiya. Kai, tumakin nan sun yi ƙiba. Wa ke horar da su?"

"Ci abincinka, Fintan."

"A'a, tambaya ce. In an buɗe ina so a gayyace ni. In kuma na riga na mutu, a gayyaci jikana."

Nuala ta dangwarar da kwanon kabeji. "Ku biyun nan kun ishe ni. Tsofaffi da ku, kuna faɗa a kan akwatin gilashi."

Malachy ya ce, "Ni ban ce ina son akwatinsa ba."

Ƙarya yake yi, duk mun sani. A hanyar komawa gida muna haye gada sai ya fara: wai Fintan bai taɓa buga ƙwallo ba, wai hannunsa ko laka bai sani ba, wai akwai butar shayi a ɗakin da kofi mai sunansa a jiki. Kofin nan ya fi komai ci masa rai. Har a kasuwa abin ya fara nunawa. In manomin ƙetare ya kawo saniya, sai Malachy ya yi mata gwanjon gaggawa, ba kirari ba zuga, har shugaban kasuwa ya ja masa kunne.

Abin ya fashe ne a wani wasan bazara, shekara ta goma sha ɗaya da rufe filinmu. Wasanmu ne na gida, mun cika wurin maƙil. Fintan ya buɗe lasifika ya ce, "Muna yi wa baƙinmu na tsallaken kogi barka da zuwa." Ko da gangan ya yi ko bakinsa ne ya saba, har yau ban sani ba. Na dai ga wuyan Malachy ya yi ja. Ranar bai je cin abinci ba.

Mako biyu bayan nan muka dawo wani wasan. Na lura kwat ɗinsa ta kumbura ta gefe guda, na ɗauka burodi ya ƙunso. Fintan na fara "Lamba ɗaya," sai Malachy ya zaro lasifikar hannu ta kasuwar shanu, ya hau kan dakalin bayan raga, ya saki murya.

"Jama'ar gida, barkanku da gida! Lamba ɗaya, mai tsaron ragarmu, Eoin Garvey na Kilbrannock, ɗan Peadar maƙeri, wanda ko iska ba ta wuce shi sai da izini!"

Wurin ya ɗauka da ihu gaba ɗaya. Fintan ya yi ƙoƙarin ci gaba, ihu ya danne shi, ya haƙura ya kashe tasa. Malachy ya kai lamba tara kafin masu tsaron fili biyu su iso. Ɗayansu tsohon ɗalibin Fintan ne, ya ce, "Baba, don Allah miƙo abin nan, kada ka sa a kore ni." Ya miƙa, ya ƙarasa sauran shidan da bakinsa, hannu biyu a kumatu. An ci mu da maki bakwai ranar, amma a mashayar Kilbrannock ba wanda ya yi zancen wasan.

Bayan an tashi wani ya zo ya ce Fintan na kiranmu sama. Malachy ya ce ba ya zuwa. Na ce ni dai zan je, ko don in ga yadda suka ja bututun ruwa har can. Sai ga shi a bayana yana haki a matakala.

Ɗakin bai kai yadda yake a kan Malachy ba, amma yana da kyau. Ɗumi, kafet, kujera mai juyawa, fili gaba ɗaya shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma. Malachy ya tsaya a bakin ƙofa yana bin komai da ido ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake duba saniyar da ya san ta fi ƙarfin aljihun mai tayi. Fintan ya miƙa masa lasifikarsa da aka ƙwace.

"Ga kayanka. Na yi magana da kwamiti. Duk ranar da wasan naku ne, kujerar nan taka ce. Zauna ka ji."

Na ga hannun Malachy ya kai kan kujerar, ya shafa ta, ya ɗan juya ta. Sannan ya janye.

"Kayan aro ba ya rufe katara. Ina da nawa ɗakin."

"A ina?"

"Yana zuwa."

"Malachy, shekararka saba'in da ɗaya."

"Kai kuma saba'in da biyu, ka ga na fi ka sauran lokacin jira."

Ya juya ya sauka. A mota ya ce, "Ka ga kofin? Har da hoton filin a jiki."

Shekara biyu bayan haka aka sallami Fintan. Kwamitinsu ya kawo wata matashiya daga gidan rediyo, mai sa kiɗa tsakanin sanarwa. Da na kai wa Malachy labari na ga fuskarsa ta saki, har ya zuba mini shayi da kansa, ya ce ai abin tausayi ne, mutum ya ba wuri rayuwarsa a yar da shi kamar tsohon takalmi. Ya sa hula ya tafi ya yi wa surukinsa jaje, suka zauna a lambu suna zagin kiɗan zamani har yamma. Nuala ta ce rabon da ta ga sun yi hira haka tun kafin a haifi ɗanta na fari. Zaman lafiyar ya yi wata guda. Sai aka yi bikin sallama, aka yaye wani ɗan ƙyalle a ƙofar ɗakin, ga farantin tagulla an rubuta Ɗakin Fintan Mulvey. Malachy ya yi tafi sau biyu, ya ce cikinsa na ciwo, muka tafi kafin a yanka kek.

A bara, ba taro ba shebur ba mai hoto, motocin haƙa suka shiga fegin namu. Da farko ba wanda ya yarda. Sai muka ga ginshiƙai na tashi. Malachy ya bar gwanjo shekara guda kafin nan, don haka kullum da safe yana bakin waya da kwalbar shayinsa, ma'aikata har sun saba, suna kiransa Sufeto. Injiniyar aikin wata mace ce mai haƙuri, Gráinne Lavelle. Ya bi ta ya bi ta har ta buɗe masa zane a kan bonet ɗin motarta ta nuna masa ɗakin sanarwa.

"Faɗinsa nawa?"

"Mita uku da ɗigo biyu, Baba."

"Wa zai zauna a ciki?"

"Wannan ba aikina ba ne. Ni gini nake yi."

Kwamiti bai ce shi ba ne, bai kuma ce ba shi ba ne. Muryarsa ma ta fara dushewa, in ya yi dogon zance sai ya tsaya ya yi tari. Na ɗauka wannan ne zai dame shi. Washegari sai ga shi a shagona.

"Senan, ba ka ce mutanen ƙetare sun kira ka gyaran famfon banɗakinsu ba?"

"Ranar Alhamis."

"To ka hau sama ka auno mini ɗakin Fintan. Bango zuwa bango. Kada kowa ya gan ka."

Na ce masa shekarata sittin da takwas, ba zan yi sanɗa a filin mutane da tef ɗin awo a hannu ba. Ya zauna a kan bokiti ya ce ba ya tashi. Ranar Alhamis na gyara famfo, na hau, na tarar da matashiyar rediyon a ciki tana haɗa wayoyi. Na ce mata bututu nake bi. Ita ce ma ta riƙe mini bakin tef ɗin.

Mita uku da rabi ne. A kan gada na yi ta shawara da kaina ko in rage masa, in ce uku cif, tsoho ya samu barci. Amma na san halinsa, zai iya zuwa ya auna da kansa. Na same shi a bakin waya na faɗa masa gaskiya. Ya rufe kwalbar shayinsa, ya miƙo mini, ya gyara hula, ya nufi ƙofar da aka rubuta ba a shiga, yana ƙwala wa injiniya kira.