Kwalaben da Ban Gasa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wata, da hantsi aka sanar da mu rasuwarki, Yaya. Haka duk ɗakin bincikenmu ke kiranki, har shugaba da ya girme ki.

Shekara ashirin kina wanke mana kwalabe, kina gasa su a tanda. Ke kika koya mini cewa sabulu ba ya fitar da ɓurɓushin ƙwayoyin cuta daga jikin gilashi, sai zafin awa huɗu. Kina tsokanata da likitan ɓeraye. Da matata ta haihu, mako guda kina ciyar da ɓerayen nan a madadina, kika ce in zauna in koyi goyo.

Aikinmu neman maganin da zai farkar da garkuwar jiki, wadda aka haifi mutum da ita, ta tashi ta yaƙi cuta da kanta. Bara na haɗa wani, ya yi aiki fiye da zato. Kaina ya kumbura, har na daina amsa gaisuwa sosai. Da wasu suka maimaita gwajin, shiru. Ashe ɓurɓushin da ke cikin kwalabe ne ya tayar da garkuwar, maganina bai yi komai ba.

A wurin taro shugaba ya tambayi wanda ya shirya kwalaben. Ni na kwashe su daga kan teburinki tun ba su shiga tanda ba, saboda ina sauri, kina ce mini in jira. Amma na sunkuyar da kai. Duk ido ya koma kanki. Kika dube ni sau ɗaya, kika ce, "To, a yi haƙuri."

Aka mayar da ke sito, kina jera kwalaye, kuma ba ki fasa tambayata lafiyar jariri ba. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Da kika kwanta asibiti na je dubiya da lemo, na yi ta surutun tsadar mai, na taso. Wallahi kunyar wannan ranar ba ta sake ni ba.

Jiya na kai wa shugaba takardar amsa laifina da sa hannuna, duk abin da za a yi mini a yi. Ku kuma 'ya'yanta, ina yi muku ta'aziyya, ku da mahaifinku. Idan kun taɓa jin an ce mahaifiyarku ta yi sakaci a bakin aiki, ƙarya ne, laifina ne ta ɗauka.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki, Ya ba iyalinki haƙuri. Ban sani ba ko kin yafe mini, domin ban taɓa roƙonki ba.