Kiran Farko Daga Ƙolin Dutse

Kowace safiya, da an idar da sallar asuba, Sa'idu Mai Anten yakan goya buhun yashi ya taka har bakin madatsar ruwan Tanghin, ya dawo kafin masu shayi su hura wuta. Shekara goma sha tara 'yan unguwarmu ta Zango suna yi masa tsiya: "Sa'idu, har yau yashin bai isa ginin ba?" Sai ya yi dariya ya wuce. Ba laifinmu ba ne, garinmu shimfiɗe yake kamar tabarma, ba mu san abin da yake wa wannan shiri ba.

Can kudu maso yamma, tafiyar wuni guda a mota, akwai wani dutse mai tsini da ko mutanen gindinsa ba sa hawa. A ƙolinsa aka kafa anten ɗin da ke ba ƙauyuka goma sha ɗaya rezo, wato layin waya. In tsawa ta kashe shi, ba mai kiran ungozoma, ba mai jin muryar ɗansa da ke Abijan, har sai an aika Sa'idu. Kalla direba, mutumin Tawa da ke kai shi gindin dutsen, ya gan shi goye da batir mai nauyin rago, yana bin turakun ƙarfen da ya kafa da hannunsa, ga ruwan sama na zuba. "Ni juya baya na yi," in ji Kalla, "kallon ma jiri yake sa ni."

Kai ne, Sa'idu, wanda dubban mutane ke gaisawa albarkacin gwiwoyinsa, ba su ko san sunansa ba.

Masu wannan aiki suna da al'ada. Wanda ya yi gyara shi ke yin kiran farko don gwada layi, kuma gida yake kira. Don haka duk ranar hawa, matarsa Salamata takan ajiye waya a kan atamfofin shagonta a kasuwar Rood Woko, kuma kafin azahar wayar takan yi ƙara.

A watan jiya aka zo hawansa na ƙarshe kafin ya ajiye aiki, gwiwarsa ta hagu kuwa ta daɗe da gajiya. Salamata ta roƙe shi ya bar Illiya, wanda zai gaje shi, ya hau shi kaɗai.

"Turaku biyu suna motsi," ya ce. "Ba zan iya nuna masa su daga ƙasa ba."

Azahar ta wuce shiru, la'asar ma haka. Tsoro ya kama Salamata sosai, har ta ɓarnatar da turmin atamfa guda da almakashi ba ta sani ba. Wajen ƙarfe biyar wayar ta yi ƙara, lambar kuma baƙuwa ce.

"Inna Salamata? Ni ce Zalissa, matar Illiya."

Salamata ta zauna a kan dilar kaya.

"Sun kai lafiya, Inna. Gwiwar Baba ce ta sa suka daɗe. Illiya ne ya yi gyaran, shi ya sa Baba ya ce kiran farko nasa ne. Ya ce in kira ki da kaina, wai ki koya mini yadda ake jira."

Salamata ta yi hamdala, ta yi kuka, ta kuma yi wa mijinta faɗa alhali ba ya ji. Sannan ta share ido ta ce, "Gobe ki zo shago, 'yata. Abu na farko, ranar hawa kada ki taɓa almakashi."

Washegari suka sauko, kuma turakun nan biyu an sake kafa su daram. Mun gode, Sa'idu. Kana iya karɓar takardar ajiye aiki ka yi zamanka, amma ka ƙi barin wani ya taka inda ka san akwai haɗari. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwar lafiya. Duk mai shirin barin aiki a cikinmu, ya nuna wa na bayansa inda ke motsi kafin ya tafi.

Buhun yashin yanzu yana ƙofar gidan Illiya, kuma 'yan Zango sun riga sun fara tambayarsa yaushe za a gama ginin.