Kaka a Bayan Surukinta

Ko zan manta da komai, ba zan manta da Asabar ɗin da Kaka ta ga teku ba.

Hutun Babbar Sallah ne ya haɗe da ƙarshen mako, sai mijin ƙanwar mahaifiyata, wanda muke kira Alhaji, ya turo mota aka kwashe mu zuwa Legas, inda yake kasuwancin albasa. Ga mu na Birnin Kudu, ga 'yan uwa na Gwaram, ga yara kamar an tashi makaranta. Kaka ma da ƙyar aka ɓamɓaro ta daga ƙauyenta, Kiyako, domin ciwon gwiwa ya hana ta tashi sai an kama ta.

Kaka mutuniyar da ce. Tun da Alhaji ya auri 'yarta ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Idan ya yi sallama sai ta ja mayafi ta juya wa bango fuska, ko ruwa ba ta sha a gabansa. Ni kuwa, lokacin ina budurwa, tsokanarta ce sana'ata. Nakan ce, "Kaka, mutumin nan fa ba ya cizo." Ita kuma ta ce, "Marar kunyar banza."

Da muka isa bakin teku Alhaji ya koma ɗauko abinci. Kaka ta tsaya kai da fata sai an kai ta kusa da ruwa, aka zaunar da ita a kan wani faffaɗan dutse. Wani mai sayar da kwakwa ya yi ta nuna mana ruwan yana Yarbanci, babu wanda ya gane. Kaka ta ɗaga kai ta ce, "Ko gajimare babu. Ruwa ba ya cika sai an yi ruwan sama." Muka yarda, domin haka rafin garinmu yake. Kowa ya watse, wasu hawan doki, wasu ɗaukar hoto, aka bar ni da ita.

Muna cikin hira na ji sanyi a ƙafata. Ruwan da muka bari can nesa ya zagaye dutsen, kuma duk igiyar ruwan da ta zo sai ta fi ta baya ƙarfi. Na kama Kaka na ja, ko motsi ba ta yi ba. Na waiga neman taimako. 'Yan uwa sun yi nisa, mutum ɗaya na hango, Alhaji, yana tahowa da kulolin abinci.

"Bari in kira shi, Kaka."

Ta damƙe hannuna. "Kada ki kuskura. Gara ruwan ya ci ni."

Wallahi da gaske take. Igiya ta buge mu har ƙugu, na fizge na kwarma ihu.

Alhaji ya watsar da kulolin ya shigo da gudu, da babbar rigarsa ta Sallah. Amma da ya kusa sai ya juya, ya ƙaraso da baya da baya don kada ya ga fuskarta. Ya durƙusa a cikin ruwa ya ce, "Inna, ki hau."

Ta ƙi hawa.

"Inna, idan ba ki hau ba, a nan zan zauna ruwan ya tafi da mu tare. Kin ga 'yarki ta yi rashi biyu ke nan."

Sai na ga ta ja jiƙaƙƙen mayafinta ta rufe fuska ruf, ta miƙa hannuwa ta riƙe kafaɗarsa. Haka ya goyo ta har tudu, ina biye ina kuka. Ya sauke ta a hankali, ya wuce bai waiwayo ba.

'Yan uwa suka taru ana salati. Kaka, tana rawar sanyi, ta jawo kunnena ta ce, "Je ki ce wa ɗana ya sauya kaya, kada mura ta kama shi." Ɗana ta ce, da kunnena na ji.

Har Allah ya yi mata rasuwa ba ta daina juya masa baya ba, amma ni na daina tsokanarta a kan haka. Ranar na koyi cewa kunya ba nisa ba ce, kuma mai ƙaunarka da gaske, ko ranka yake ceto, sai ya nemi hanyar da zai ceto shi tare da mutuncinka.