Ranar da Kuloci Ya Tsare Mu a Hanyar Maƙabarta

A Badarawa, in Allah ya ba ka mota, layinku gaba ɗaya ya ba. Mai naƙuda taka ce, mai zuwa tasha naka ne, kuma wanda ya ce ka rage masa hanya ba roƙonka yake yi ba, sanar da kai yake. Na daɗe ina jin haushin wannan a raina, amma bakina bai taɓa iya cewa a'a ba. Motata tsohuwa ce mai giyar hannu, kuma a damunar da nake magana kulocinta ya gama suɗewa. In na taka totur sai inji ya yi ta kururuwa kamar zai tashi sama, ita kuwa tana jan ƙafa, ga wani ƙauri irin na tsumma a wuta yana shigowa ta ƙarƙashi.

Bakanikena na Unguwar Shanu ya ce faifan kulocin ya ƙare, in kawo ya sa sabo. Kafin nan, in ji shi, kada in ɗora mata nauyi, kada kuma in tsaya da ita a hawa. Na ce to. A zuciyata kuwa dariya na yi, don bai san layinmu ba.

Da safiyar da na shirya kai masa ita, sai kuka ya tashi a gidan da ke kallon namu. Matar Baba ce ta rasu. Baba tsohon tela ne, tun ina yaro na san su tare, kuma ba su da ɗa a raye. Ciwon gwiwa ya riga ya gama da shi, ko masallacin layi sai da sanda. Da na shiga yi masa gaisuwa ya riƙe hannuna ya ce, "Kai za ka kai ni. Ba zan iya shiga kabarin ba, amma ko ƙasa ce ina so in zuba mata da hannuna."

Na ce, "Insha Allahu, Baba."

Bayan azahar aka yi mata salla a ƙofar gida, hadari kuwa ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas. Aka sa makara a motar masallaci, ta ja da gudu. Wanda ya san jana'izarmu ya san abin da ke biyo baya: duk motar da ke tsaye ta jama'a ce, ba a tambayar mai ita. Kafin in gama zaunar da Baba a gaba in lanƙwasa masa ƙafafu, dattawan layi sun cika baya, sun matsu har ƙofa na ƙin rufuwa. Cikinsu har da wani Alhaji mai shagon hatsi, wanda shi kaɗai ya kai buhu biyu. Na ji motar ta zauna. Na buɗe baki in yi magana, sai na ga duk sa'annin mahaifina ne, kowa da carbinsa. Na haɗiye maganar na tada mota.

A miƙaƙƙiyar hanya ta lallaɓa. Na sa giya ta biyu, ina taɓa totur a hankali, ina roƙon Allah. Sai muka iso wani ɗan tudu da ke bayan kwalbati, wanda kullum nake hawansa ban ma san tudu ba ne. Can sama wata tifa ta yanke hanya tana juyawa, layin motoci ya tsaya cak, mu kuma muna tsakiyar hawan.

Da hanya ta buɗe na saki hambirki, na ɗaga ƙafa daga kuloci. Inji ya yi ihu, mota ta girgiza, ta matsa taku ɗaya, ta dawo baya. Na sake, haka. Ƙaurin ya cika motar har Alhaji ya fara tari. Bayanmu hon ya kaure, masu Keke Napep suka kutso dama da hagu suka toshe ko'ina, har ƙofata ba ta buɗuwa. Gaba ta gagara, baya babu wuri. Gumi ya jiƙa mini riga, kuma na kasa duban gefen da Baba yake.

Da ƙyar na ce, "Iyayena, ku yi haƙuri, nauyi ya yi mata yawa."

Alhaji ya ce, "Haba ɗana, ka ƙara mata wuta mana. Wa ke sauka a hanyar jana'iza?"

Wallahi a lokacin na ji kamar in fasa ihu. Na ƙara mata wutar, ina sane cewa ƙarasa ta nake yi. Wani hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin kujera, daga nan ko girgizar ma ta daina. In sa giya, in cire, duk ɗaya.

Sai a sannan suka yarda suka sauka, kowa na matsa jikinsa ta 'yar kafar da keke ya bari. Suka gwada turawa, amma tsofaffi ne, kuma hawa ne. Na leƙa ina ɗaga wa keke hannu, duk wanda ya zo a cike yake da masu rakiya. Wani mai babur ya tsaya, Baba ya dubi tsayin sirdin, ya dubi gwiwoyinsa, ya girgiza kai. Alhaji ya samu liman a waya, ya rufe ta da tafin hannu ya ce wa Baba sun isa maƙabarta da gawa, amma ruwa na gab da sauka, in ya cika ramin sai an sake haƙa wani. Liman na tambaya, ko a ɗan jira shi?

Baba ya ɗaga kai ya dubi hadarin. Sannan ya ce, "Kada a tsayar da ita saboda ni. Su rufa mata asiri."

Ruwa ya tsuge. Dattawan suka fake a wata rumfa, aka bar mu mu biyu a mota, gilasai a rufe, dutse a bayan taya. Na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "Me ka yi? Ai ka ɗauko ni." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Muka zauna, ruwa na dukan rufin mota, numfashinmu ya rufe gilashi har ba ma ganin waje. Ban taɓa jin wuri ya yi mini ƙunci irin wannan kujerar ba.

Da ruwa ya tsagaita na goge gilashi, sai ga motar masallaci tana gangarowa ta ɗaya hannun, makara a bayanta babu komai. Ta tsaya, wani maƙwabcinmu kafinta ya tsallako, kayansa duk jar laka. Baba ya sauke gilashi, kafintan ya miƙo hannu yana cewa, "An rufe ta lafiya, Baba. Allah ya jiƙanta."

Baba ya riƙe hannun da hannu biyu ya ƙi saki. Ya tambaye shi, "Kai ka zuba?"

Ya ce, "Ni da jama'a, Baba."

Da ya saki, lakar kabarin ta shafe masa tafi. Na ciro hankici na miƙa masa, bai karɓa ba. Ya dunƙule hannun, ya ɗora a cinyarsa, ya ce, "Bar shi haka, ɗana."